Rabin Mintin Oga Shap-shap

Akwai wani mutum a can cikin fadamun Bayelsa mai suna Ebikeme. Amma in ka hau jirgin haƙar mai ka ce kana neman Ebikeme, kallonka kawai za a yi. Ka ce Oga Shap-shap, wato Oga Maza-maza, ko sauro sai ya nuna maka ɗakinsa.

Shi ne shugaban masu haƙa a jirgin. Ya haura shekara ashirin a wannan aiki, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Lissafin da wasu ke zama da na'ura suna share gumi a kansa, shi a tsaye yake yin sa yana tsotsar ƙashin kifi. Aibinsa ɗaya ne, a duk jikinsa babu inda aka ajiye masa jira.

Garin rogo ba ya jiƙa a hannunsa, yana zuba ruwa yake ci, sai ya isa ciki ya ƙarasa kumbura. A coci yakan ce amin fasto yana tsakiyar addu'a. Waɗanda suka halarci bikinsa sun rantse mini cewa tun kafin fasto ya gama tambayar ko ya amince, shi ya riga ya amsa har ya fara neman zobe a aljihu.

Matarsa Tariere ita ta fi kowa shan wahalar wannan hali. In ya kira ta daga jirgi, ƙara biyu kawai yake ba ta. Ba ta ɗauka ba, ya kashe ya sake kira. Ita kuma a lokacin ta goge hannu tana ƙoƙarin kiransa, sai a ce mata yana kan wani kiran. Shi ma ya ji layinta a cike. Haka za su yi ta karo a iska har caji ya ƙare. Ranar da ya dawo hutu kuma ya tsare ta da tambayar wa take hira da shi kullum.

To, a shekarar da nake ba ku labari, manajan kamfanin ya yi masa alkawari. Akwai kujerar babban mai kula da jirage a ofishin Fatakwal, mai ita zai yi ritaya. Manaja ya ce in Ebikeme ya gama rijiyar da ke hannunsa lafiya ƙalau, kujerar tasa ce. Ba sauro, ba gado mai faɗin benci, kullum ya kwana a gidansa.

Kun san mutumin. Kafin rijiya ta kai rabi ya ɗinka kwat biyu, ya gaya wa dangi, ya gaya wa 'yan coci, har ya sa Tariere ta fara tambayar kuɗin haya kusa da ofis.

Rijiyar kuwa ba irin waɗanda ya saba ba ce. Daga ƙarƙashin jirgi ta sauka, sannan ta karkata ta bi ta ƙarƙashin kurmi tana neman mai a nesa. Tsawonta ya kai ƙafa dubu goma sha biyar, ko da yake zurfinta a tsaye bai wuce dubu goma sha biyu ba.

Abin da ke danne gas a ƙasan irin wannan rami ba komai ba ne sai laka. Ana tura ta ta cikin bututu, ta fita ƙasa, ta hawo ta gefe ta koma tanki. Muddin nauyinta ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa, zaman lafiya. Ranar da gas ya fi ta ƙarfi, sai ya kutso cikin ramin ya fara turo ta sama. Shi ne masu aikin ke cewa rijiya ta yi shuri, kamar jakin da aka taɓa wa ƙafar baya.

Wata hantsi bayan an ɗauke ruwan sama, Edafe, direban injin haƙa, ya lura tankin laka yana ƙaruwa alhali ba wanda ya zuba komai. Ya tsayar da injin tura laka, ya leƙa, laka na ci gaba da fitowa da kanta. Bai tsaya neman shawara ba, ya rufe bakin rijiya da manyan ƙofofin ƙarfe, sannan ya danna ƙararrawa.

Ebikeme yana kan cin tuwon sitaci da miyar banga, ta kwakwar manja. Ya iso dandalin haƙa da manja a yatsunsa.

A gaban Edafe akwai agogo biyu masu allura, ɗaya na nuna matsin cikin bututu, ɗaya na nuna matsin gefe. Bayan an rufe rijiya, ana karanta na bututu ne a san yawan nauyin da za a ƙara wa laka. Ebikeme ya kalli allura, ya ga ɗari biyu da hamsin, nan take ya faɗi nauyin da ake buƙata, ya ce a fara haɗawa.

Madam Ibiso, injiniyar laka, ta hawo tana huci saboda matakala. Mace ce mai magana kamar tana auna kowace kalma da cokali. Ta gyara gilashinta, ta kalli agogon, ta ce:

"Oga, allurar nan ba ta zauna ba tukuna."

"Madam, ni na ga ta zauna."

"Ta ɗan huta ne. Dubi, ga ta can tana tafiya."

Tana tafiya kuwa. A hankali, kamar tsohuwa mai hawa tudu. Ebikeme ya yi ta zagaye ɗan ɗakin, ya fita, ya dawo, ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce ko za ta yi sauri. Ya tambayi Madam Ibiso ko ita da allurar 'yan gari ɗaya ne, don tafiyarsu iri ɗaya ce. Ta ce eh, kuma a garinsu ba a taɓa ganin wanda ya ƙone baki da miya ba.

Sai da allura ta kai ɗari huɗu ta tsaya cak.

A nan kam dole a sara masa. Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce nauyin laka yana sha ɗaya yanzu, matsi ɗari huɗu, kuma da zurfin tsaye za a raba ba da tsawon rami ba, don gas bai damu da kwanar da rami ya sha ba. Ya ce a kai laka sha ɗaya da ɗigo bakwai. Madam Ibiso ta zauna ta danna na'urarta, ta sake dannawa, ta ɗago ta ce daidai ne. Ya ce ai ba tambayarta ya yi ba.

Da an bi karatunsa na farko, da laka ta fito da sauƙin nauyi, an yi aikin banza. Kowa a ɗakin ya san haka. Ba wanda ya faɗa, shi ma bai nemi a faɗa ba.

Madam Ibiso ta ƙara wani lissafin, na iyakar matsin da bangon ramin zai iya ɗauka a inda ƙarfen da aka jera don tare bangon ya ƙare. Ta yanki jan tef ta manna a gilashin agogon gefe. Ta ce duk abin da za a yi, kada allura ta haye wannan jan, in ta haye ƙasa za ta tsage.

Daga nan aka shiga jira na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Sai an zuba buhunan garin dutse mai nauyi a tanki, a juya, a auna, a ƙara, a sake aunawa. Ebikeme ya sauka wurin tankuna ya fi a ƙirga. Ya ce wa masu zuba buhu ko matarsa ta fi su saurin tankaɗe. Rana ta take, rigar aiki ta manne a baya, ga ƙudan fadama masu cizo kamar an aiko su.

Ana cikin haka manaja ya kira daga Fatakwal. Bai ce a yi sauri ba, jama'a, ku riƙe wannan. Cewa ya yi a bi a hankali, a fitar da gas ɗin lafiya. Ebikeme ne da bakinsa ya ce kafin la'asar an gama, gobe da safe an koma haƙa. Ya ajiye waya ya ɗaura wa kansa igiyar da ba wanda ya miƙo masa.

Da laka ta haɗu aka fara tura ta. Aikin a nan na mutum ɗaya ne, mai riƙe da cok. Cok wata 'yar ƙofa ce da laka ke fita ta cikinta. Ka matse ta, matsi ya hau a rijiya. Ka sassauta, ya sauka. Ana so a riƙe allurar bututu a kan adadin da lissafi ya bayar, kada ta yi ƙasa gas ya ƙara shigowa, kada ta yi sama ƙasa ta tsage.

Sai dai akwai wani abu. In ka taɓa cok, agogon gefe yana amsawa nan take, don a bakin ƙofa yake. Agogon bututu kuwa sai saƙo ya sauka har ƙasan rami ya hawo ta ɗaya hanyar kafin ya motsa. Masu aikin suna ƙiyasta daƙiƙa biyu ga kowace ƙafa dubu. A wannan rijiya, rabin minti ke nan.

Edafe ne a kan cok. Yana da wata al'ada, in ya taɓa sau ɗaya sai ya ɗauke hannu ya sa a aljihu, ya yi gunjin wata waƙar coci a hanci, baiti ɗaya. In ya kai ƙarshe ya kalli allura, sannan ya yanke ko zai ƙara. Kuma wa ya koya masa ɗauke hannun? Ebikeme, shekaru da suka wuce, lokacin Edafe yana sabon shiga. Shi ya ce masa rijiya kurma ce amma ba bebiya ba, ka yi mata magana ka jira, za ta amsa. Ga wasu yake ajiye irin wannan magana, shi ba ya amfani da ita.

Aiki na tafiya daidai, amma a idon Ebikeme kamar ba a motsi. Rana ta fara karkata. Ga la'asar da ya yi alkawari tana matsowa, ga Edafe yana gunji kamar mai yi wa jariri wasa.

Allurar bututu ta ɗan sauka ƙasa da inda ake so. Edafe ya matse cok kaɗan, ya sa hannu a aljihu, ya fara baitinsa.

"Ba ta hau ba," in ji Ebikeme.

"Tana zuwa, Oga."

"Edafe, waƙa aka ɗauke ka yi ko haƙa? In coci kake so, jirgin ruwa na tashi ranar Asabar."

"Oga, kai ka ce in riƙa..."

"Matsa."

Edafe ya matsa. Mutum ba ya jayayya da ogansa a gaban ma'aikata, balle ogan da ya koya masa aiki.

Ebikeme ya kama cok ya matse. Ya kalli allurar bututu, ba ta motsa ba. Ya ƙara. Shiru. Ya ja tsaki ya ƙara na uku, mai kyau. A ransa agogon ne ya lalace, ko cok ɗin ya toshe, ko dai wani abu, don a duniyar Ebikeme duk abin da bai amsa nan take ba to ya lalace.

Can sai saƙon Edafe ya iso, allura ta hau daidai inda ake so. Kafin a yi murna na farkon Ebikeme ya iso, na biyu ya biyo, na uku ya taho a guje. Allura ta yi sama kamar an tsikare ta.

Ya buɗe cok. Ba ta sauko ba. Ya ƙara buɗewa, ya buɗe sosai. Edafe ya ce a hankali, "Oga, a ɗan ba ta lokaci." Ko juyowa bai yi ba.

Rabin minti ya cika, allura ta rikito ƙasa, ta wuce inda ake so, ta ci gaba da sauka. Ma'ana a can ƙasa an buɗe wa gas ƙofa, an ce bismillah. Ebikeme ya ga haka, zufa ta karyo masa, ya matse cok da ƙarfin wanda ke rufe ƙofa a fuskar ɓarawo.

Duk wannan lokaci idonsa na kan agogo ɗaya. Edafe ne ya nuna ɗayan da yatsa. Allurar gefe ta haye jan tef ɗin Madam Ibiso, ta ba shi baya.

Sai kuma ga wani abin mamaki. Allurai biyun suka sauko da kansu, a natse, suka tsaya. Ebikeme ya saki numfashi, ya dubi mutanen ɗakin, ya ce:

"Kun gani? Rijiya ma ta san wanda take wa wasa."

Rediyon da ke rataye a bango ya yi ƙara. Muryar Madam Ibiso ce daga wurin tankuna, a hankali kamar kullum.

"Oga, laka tana tafiya ba ta dawowa. Tanki yana sauka."

Ƙasa ta tsage. Lakar da aka sha wuyar haɗawa tun hantsi tana zurarewa cikin tsagar, ga gas a ƙasa an ƙara masa 'yan'uwa. Rami ɗaya, sama yana sha, ƙasa yana turowa. Wannan shi ne abin da duk mai haƙa ke roƙon Allah kada ya gani.

Aka kwashe masu dafa abinci da masu wanki da duk wanda ba a buƙata a kwale-kwale. Aka kira ƙwararru daga Fatakwal. Edafe ya koma kan cok, yana gunjinsa, wannan karon ba wanda ya ce masa ya tafi coci. Allah ya taƙaita, ba wuta, ba rauni, ko ɗigo bai shiga ruwan masunta ba. Amma an yi makonni ana fama, daga ƙarshe aka cika ƙasan ramin da siminti, aka koma sama aka fara sabuwar hanya. Aikin wata da watanni ya tafi a rabin minti.

Aka kira Ebikeme ofis. Ya sa ɗaya daga cikin kwat ɗin nan, don ya ce ko ba komai a ga ya dace da wurin. A hanya ya shirya bayani mai tsawo, a kan agogo, a kan cok, a kan ƙasar fadama da ba ta da tabbas.

Manaja dattijo ne mai sanƙo, ba ya ɗaga murya. Ya ce tambaya ɗaya gare shi. A rijiya mai wannan tsawon, in an taɓa cok, tsawon wane lokaci ake...

"Rabin minti, ranka ya daɗe."

Manaja ya gyaɗa kai. Ya ce lallai ba a yi ƙarya ba da aka ce ba wanda ya kai shi lissafi. Sannan ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur.

"To, mu zauna rabin minti, ni da kai. Kada wanda ya yi magana."

Jama'a, ba ku san tsawon rabin minti ba sai kun ga Ebikeme a cikinsa. Ya gyara zama. Ya kalli fanka. Ya kalli takalminsa. Bayanin nan da ya shirya ya taso masa har maƙogwaro, yana turowa kamar gas ɗin da ya baro.

"Ranka ya daɗe, abin da ya faru shi ne..."

Manaja ya kalli agogo. Ko rabi ba a kai ba. Ya ɗauka ya mayar a hannunsa, ya ce ya gode, an gama.

Kujerar Fatakwal wani aka ba daga wani jirgin. Ba a kori Ebikeme ba, an duba shekarunsa. Har aikin tudu aka ba shi, kamar yadda ya daɗe yana so. Aka tura shi mashigar kamfanin, inda ake loda bututu da buhunan garin dutse a manyan kwale-kwalen ƙarfe. Rafin wurin ba shi da zurfi, kaya ba sa tashi sai ruwan teku ya ciko. In ya janye, sai taɓo da ƙaguwa.

A makon farko ya yi wa matuƙa faɗa, ya yi wa masu lodi faɗa. Wani ya ce ya gan shi tsaye a bakin gaɓa yana duban agogo yana duban ruwa, yana ja masa tsaki. Ruwa bai san Oga ba. Lokacinsa ya yi ya zo, lokacinsa ya yi ya tafi. Matuƙan suka sa masa kujera a ƙarƙashin rumfa, suka ce Oga a zauna, mu ma haka muka gaji abin.

Wata rana da azahar yana zaune, ruwa ya janye, ba abin yi, sai ya ciro waya ya kira Tariere. Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Babban yatsansa ya tafi kan jan maɓalli da kansa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya kalli yatsan, ya kalli taɓon da ke gabansa. Ya sa ɗaya hannun a aljihu, ya bar waya tana ƙara.

Can aka ɗauka. Sai muryar Tariere ta fito a tsorace:

"Don Allah wane ne? Me ya sami mai wayar?"

"Ni ne, Mama Preye," in ji shi, don da sunan ɗan farinsu yake kiranta.

"Kai ne? Kuma ka jira?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji kamar ba ta gama ba. Ya yi shiru. Ba ta gama ɗin ba kuwa. Ashe akwai maganganun da ta tara tun shekarar bikinsu, ba ta taɓa samun inda za ta sa su ba. Har ruwa ya ciko, matuƙa suka tayar da inji suna ɗaga masa hannu, Oga Shap-shap yana zaune da waya a kunne yana cewa "to".

Darasi: Sanin lissafi daban, iya jiran amsa daban. Ebikeme bai kuskure lissafi ko sau ɗaya ba, abin da ya gagare shi ɗauke hannu na rabin minti. In ka yi magana, ko ka yi gyara, ko ka yi wa yaro faɗa, ko ka aika saƙo, ba shi lokaci ya isa ya dawo kafin ka ƙara wani a kai. Shirun da ka ji ba lallai raini ba ne, wataƙila amsa tana hanya. Ku tura wannan labari ga Shap-shap ɗin gidanku, kowane gida akwai shi. In kun tura kuma bai amsa nan take ba, don Allah kada ku sake turawa.